Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gobarar Legas da Matsalar Ruwa

Makon jiya mun tsaya a kan fara aikina na kwana-kwana a Legas. Kafin mu wuce gaba, ya kamata mai karatu ya san irin wutar da garin ya sha gani, domin a kanta ake horar da duk sabon ɗauka.

Wadda ta fi kowace muni ita ce ta ranar Lahadi 27 ga Janairu, 2002. Wuta ta kama a barikin soja na Ikeja, ta isa ma'ajiyar makamai, bama-bamai suka yi ta tashi. Sama da mutum 1,000 suka rasu, kuma akasarinsu ba wutar ce ta ci su ba. Gudun tsira suka yi cikin duhu, suka afka magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda kainuwa ta rufe, suna zaton ƙasa ce. Allah ya jiƙansu. Kafin ita akwai gobarar dogon benen sadarwa da ke Marina a Janairun 1983.

Sai wutar mai. Ranar 26 ga Disamba, 2006, bututun fetur da aka fasa ya kama a Abule Egba, mutum sama da 200 suka ƙone. Ranar 28 ga Yuni, 2018, tankar mai ta faɗi a gadar Otedola, motoci fiye da 50 suka ƙone. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne tururin fetur ya fi iska nauyi. Ƙasa-ƙasa yake bi, ya shiga kwata, ya yi nisa, sai ya tarar da murhu ko tartsatsin mashin, wutar ta biyo shi baya har inda man yake. Ruwa zalla kuma ba ya kashe ta, sai ma ya ɗauki man a samansa ya yaɗa. Kumfa ake fesawa ta lulluɓe man ta hana shi iska, kuma sinadarin kumfa mai ƙarfin kashi 3 ana haɗa lita 3 nasa da ruwa lita 97.

Amma inda zuciyata ta fi ƙuna shi ne kasuwannin tsibirin Legas, irin su Balogun, inda 'yan Arewa da yawa ke saro kaya. Benen da aka gina don ofis an mai da shi sito, an danƙare shi da dilolin atamfa da takalman roba, ga janareta da jarkar fetur a kowane hawa, ga ƙofofin ƙarfe a garƙame. Titi kuwa rumfuna sun cinye shi, mota ba ta samun shiga. In ta shiga ma, motar da ta ɗauko lita 5,000, mesa ɗaya na zubar da lita 500 a minti, cikin minti 10 ta ƙare. Kafin ta je ta cika ta dawo cikin cunkoso, wuta ta haura hawa na gaba. Garin da ruwa ya kewaye, amma famfunan gefen titi da yawa a bushe suke, wannan abin takaici ne ƙwarai.

Wutar da ta daɗe tana ci kuma rodi take gasawa. Da zafi ya kai wajen digiri 600, ƙarfe ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, siminti ya fara tsattsagewa yana zuba. Shi ya sa da an ga bango ya tsage ake janye ma'aikata, ko da masu kaya na roƙon a shiga.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu shiga yadda ake jan ruwa daga tafkin Legas da injin tsotsa.