Minti 100 kai tsaye: koken masu kallo da aikin mai ɗaukar sauti

Kamfaninmu ƙarami ne, sana'armu ɗaukar sauti. Gidajen talabijin a nan Ingila kan ba mu kwangila idan za a watsa kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa kai tsaye. Mu ne masu kafa makirfo, mu ja wayoyi zuwa motar watsa shiri, mu zauna gaban na'urar haɗa sauti har a tashi. Bayan kwana ɗaya ko biyu akan turo mana abin da masu kallo suka ce. Idan gajeren kiɗa ne, da wuya a ji ƙorafi. Idan kuwa doguwar simfoni ce, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi da irin wannan ƙungiya ke kaɗawa, koken kusan iri ɗaya ne kullum: sauti ya yi ƙasa, sauti ya tashi farat ɗaya ya tayar da yaro daga barci, tari ya yi yawa, kyamara ta nuna wanda ba shi ke busa ba, mai gabatarwa ya yi gaggawar buɗe baki. Mai kallo yakan ɗora laifin a kan makaɗa ko mutanen zaure, alhali yawancinsa daga hannunmu yake fitowa.

Simfoni ta 3 ta mai tsara kiɗa Gustav Mahler ita ce ma'aunin wannan aiki. An fara kaɗa ta cikakkiya a garin Krefeld na Jamus a 1902. Kashi 6 gare ta, takan ci minti 95 zuwa 105, kuma kashin farko kaɗai ya haura rabin awa. Makaɗa sun kai 100, ga mawaƙiya guda, ga rukunin mata masu amshi, ga na yara. Babu inda za a tsaya a saka talla ko a gyara waya. Abin da ya lalace a minti na 10, haka za a tafi da shi har ƙarshe.

Koke mafi yawa shi ne na ƙarfin sauti, kuma mai koken yana da gaskiya. Kiɗan yana buɗewa da ƙaho 8 suna busa murya ɗaya, ba a jima ba ya koma wani gunji na babbar ganga can ƙasa-ƙasa, wanda ko a zaure sai an kasa kunne. Tazarar da ke tsakanin mafi taushi da mafi ƙarfi a irin wannan kiɗa takan kai desibel 60, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Zaure yana ɗaukar wannan don shiru ne. Falon gida kuwa akwai firji, akwai motar da ke wucewa, ga lasifikar talabijin 'yar mitsitsiya. Sai mutum ya ƙara murya da rimot don ya ji wurin taushi, tambura na faɗowa ya zabura. Ƙa'idar da gidajen talabijin na Turai ke bi tun 2010, wato R128, ta ce matsakaicin ƙarfin shiri ya tsaya a kan -23 na ma'aunin LUFS, ƙololuwarsa kada ta wuce -1. Ƙa'idar ba ta faɗa maka yadda za ka matse desibel 60 su shiga falo ba.

Hanya mai sauƙi ita ce a bar wa na'urar matse sauti ta yi da kanta, kuma ita ce hanyar da ke ɓata kiɗa. Na'urar ba ta san abin da ke tafe ba. Tana jin tambari sai ta danne kowa, tambari na yin shiru sai ta saki, har ka ji goge yana kumbura yana sacewa kamar mai haki. Abin da muke yi shi ne mu ajiye littafin kiɗan a gabanmu, wanda muka yi wa alama da fensir tun wajen gwaji. Idan wurin taushi na zuwa, tun saura daƙiƙa 20 ko 30 za a fara ɗaga sauti a hankali, desibel ɗaya bayan ɗaya, har 6 ko 8. Idan wurin ƙarfi na zuwa, a sauke tun kafin ya iso. Kunne ba ya kama canjin da aka yi a hankali. Wanda bai iya karanta rubutun kiɗa ba, ba ma zaunar da shi a wannan kujera, komai ƙwarewarsa da na'ura.

Makirfo kuma, ginshiƙinsu guda 3 ne da ake ratayewa sama da kan jagoran makaɗa, kamar mita 3 daga ƙasa: biyu hagu da dama da tazarar mita 2, na ukun a gaba da mita ɗaya da rabi. Ana kiran tsarin bishiyar Decca, da sunan kamfanin da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1950. Sauran, waɗanda kan kai 40 ko fiye, ana dasa su kusa da kowane rukuni. A nan ake yin kuskuren da mai kallo yake ji amma ba ya iya faɗin sunansa, sai dai ya ce kiɗan ya cakuɗe. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Mai tambarin da ke mita 12 daga bishiyar, makirfon kusa da shi zai ji dukan tambarin milisakan 35 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) kafin bishiyar ta ji, sai duka ɗaya ya zama biyu. Dole a auna nisan kowane makirfo a jinkirta shi daidai gwargwado. Haka hoto: yakan makara a cikin na'urori, kuma kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyo a tsarin talabijin na nan milisakan 40 ne. Idan sauti ya riga shi da hoto biyu, mai kallo zai ji duka kafin ya ga sanda ta sauka.

A kashi na 3 akwai wurin da nake ganin ya fi ko'ina nuna ko ma'aikata sun fahimci kiɗan. Mahler ya rubuta wa wani ƙaho, irin na masu kai wasiƙa a da, doguwar busa da za a ji kamar daga nesa, don haka mai busar yakan tsaya a bayan dandamali ko can saman bene. Yana ganin jagora ta ƙaramin allo, kuma allon dole ya zama marar jinkiri, in ba haka ba kullum a makare zai shigo. Idan aka manna masa makirfo a baki, nisan ya tafi, ma'anar wurin ta tafi da shi. Mukan ajiye makirfon mita 4 ko 5 daga gare shi, mu bar zauren ya kawo sauran. Masu kallo kan tambayi dalilin da ya sa ba a nuna shi ba. Daraktan da ya san aikinsa yakan nuna faɗin zauren ko masu goge suna rakiya a hankali, ya ƙyale mai busar a ɓoye yadda aka nufa.

Tari da tafi batu ne na makirfo biyu da muke fuskantar da su ga jama'a. A Zauren Royal Albert da ke Landan, inda ake bikin kiɗa na Proms duk bazara, mutum sama da 5,000 ne, wasu ɗaruruwa a tsaye suke tun farko har ƙarshe, cikin zafi. Mutane kan danne tari su sake shi a tsakanin kashi da kashi, a kuma daidai lokacin ne sabon ma'aikaci yake ɗaga makirfon jama'a don kada a ji shiru. Sai mai kallo ya ɗauka duk zauren mura ake yi. Tafi bayan kashin farko ya raba masu kallo gida biyu, wasu na cewa rashin sanin ladabin zaure ne, wasu na cewa wanda ya saurari rabin awa irin wannan ya cancanci ya tafa. Ni ina tare da na biyun, tunda Mahler da kansa ya nemi a ɗan dakata sosai a wurin. Kashi na 4, na 5 da na 6 kuwa a haɗe ake kaɗa su, tafi a can yana yanke zaren. Yaran amshi kan zauna fiye da awa guda don waƙar kusan minti 4, saboda haka makirfonsu a rufe yake sai saura daƙiƙa kaɗan, don motsin kujera da raɗa duk yana ɗauka.

Jagora da jagora kan bambanta da minti 10 a wannan simfoni. Idan gidan talabijin ya ware lokaci bisa mafi sauri, labarai za su matso, a yanke tafi, a hana mai kallo ganin makaɗa sun miƙe. Wannan yana ɓata wa mutane rai ƙwarai, shi ya sa muke auna tsawon gwajin ƙarshe mu aika wa masu jadawali a rubuce.

Saura shirun ƙarshe. Simfoni ta 3 da ƙarfi take ƙarewa, amma ta 9 ta Mahler a hankali take mutuwa, kuma lokacin da Claudio Abbado ya jagorance ta a garin Lucerne na Switzerland a 2010, zauren ya yi kusan minti 2 babu wanda ya motsa. Tashoshin watsawa suna da na'urar da ke ɗaukar dogon shiru a matsayin lalacewa, ta saka wani kiɗa da kanta. A 2004 sai da BBC ta kashe irinta kafin ta watsa 4'33" na mai tsara kiɗa John Cage, wanda shiru ne daga farko har ƙarshe. Don haka kafin shiri mukan kira ɗakin watsawa mu tabbatar an kashe ta. Idan kiɗa ya ƙare, mukan ɗaga makirfon jama'a da desibel 3 ko 4 don a ji zauren yana numfashi, kada mai kallo ya zaci talabijin ɗinsa ce ta mutu. Makirfon mai gabatarwa yana nan a rufe har jagora ya sauke hannu, tafi ya ɓarke, a ƙirga daƙiƙa 20, sannan a buɗe masa.