Malamin nan da ke lallashin yara, shi wa ke lallashinsa?

Shekara tara na yi ina koyarwa kafin na ajiye alli, har yau in aka tambaye ni dalili sai in ce albashi don shi mutane suka fi saurin ganewa, amma wallahi ba shi kaɗai ba ne. Sai da na kai in na ji ƙararrawar safe gabana ya faɗi, bacci ya ƙaurace min, ga takardun jarabawa tuli guda ana makin har tsakar dare, ga yaro ya zo yana kuka kan abin da ke faruwa a gidansu kai ne mai lallashi, ka koma gida ba ka da sauran haƙurin da za ka yi wa naka 'ya'yan.

Shi ya sa wani ƙudirin doka na Amurka kan lafiyar ƙwaƙwalwar malamai ya tsaya min a rai. A 2023 ne Suzanne Bonamici, 'yar majalisar wakilai daga jihar Oregon, ita da wasu abokan aikinta suka gabatar da shi, don a kula da lafiyar ƙwaƙwalwar malamai da sauran ma'aikatan makaranta, a wayar da kai, a daina yi wa mai neman taimako kallon rago. Sun kwaikwayi dokar da aka sa wa sunan Lorna Breen ne, likitar sashen gaggawa a New York da ta kashe kanta a Afrilun 2020 ana tsakiyar korona. Biden, shugaban Amurka na lokacin, ya sa wa waccan dokar hannu a 2022 saboda ma'aikatan lafiya. To su malamai fa? A shekarar ma binciken kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup ya nuna kashi 44 cikin 100 na ma'aikatan makarantun firamare da sakandare a can sun ce kusan kullum a gajiye suke tilis, babu wata sana'a da ta kai su.

Kuma wannan gajiyar ba shagwaɓa ba ce, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin abin da aiki ke jawowa: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ranka, ka ga kamar ba ka tsinana komai. Duk ukun na ɗanɗana.

Abin da ya fi burge ni a ƙudirin shi ne ba a tsaya kan malamai kaɗai ba. Mai shara, mai gadi, direban bas, mai dafa wa yara abinci, su ma fa suna kwasar rabonsu, kuma ba mai tuna su.

Sai dai ni inda nake da tsoro, kar abin ya ƙare a taron bita da fosta a bango. Ka tara malamai ka koya musu yadda ake jan numfashi sannan ka mayar da su aji mai cunkoso ba tare da ka rage musu komai ba, ai ba a rabu da Bukar ba. Sannan sirri. Ni lokacin da nake cikin halin nan ko sau ɗaya ban faɗa wa shugaban makarantarmu ba, tsorona kar a rubuta a fayil a ce wance ba ta iya riƙe aji. In dai ba a ba malami tabbacin cewa abin da ya faɗa wa mai ba da shawara ba zai kai teburin oga ba, ba zai je ba.

UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 nan da 2030. Ni ina cikin waɗanda suka fita, kuma har yanzu ina kewar yaran nan sosai.