Abin da sanyin Jos ya koya mini a ɗakin gwaje-gwaje

Ƙarshen zangon nan na miƙa makullan ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, kuma abokan aiki sun matsa in bar wa wanda zai gaje ni 'yan kalmomi. Ba zan tsaya kan wanke kwalabe da lissafin kayan WAEC ba, kowa ya san wannan. Maganar wani gishirin sinadari zan yi, fotashiyam naitret, wato KNO3, domin har yau akwai takardar tuhuma a fayil ɗina saboda shi.

Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Shugaban sashe ya aiko da 'yar takarda cewa in narkar da giram 35 cikin kowane giram 100 na ruwa, in ajiye wa 'yan SS2 zuwa safe. Daga littafi ya kwafo adadin, kuma littafin bai yi ƙarya ba, a digiri 25 ruwan yana ɗaukar kusan giram 38. Na same shi ofis na ce, "Yallaɓai, da rana zai narke, amma ba zai kwana haka ba. Ko a rage, ko in haɗa da safe da ruwan ɗumi." Ko ɗago kai daga waya bai yi ba. "Malam, ni na yi digiri ko kai? Yi abin da aka sa ka."

Na yi. Duk wanda ya taɓa narkar da wannan gishiri ya san yadda kwalbar ke yin sanyi a tafin hannu, domin zuƙe zafin ruwan yake yi yayin narkewa. Sai da na ɗan ɗumama kafin ya tafi duka, ruwa ya yi garau, na rufe na tafi gida.

Da safe gindin kwalbar ya cika da dogayen ƙyallaye farare kamar allurai. Babu wani abin mamaki. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma a irin wannan lokaci sanyin asuba yakan sauko kusan digiri 10, ga tagoginmu rabinsu babu gilashi. A digiri 10 giram 100 na ruwa ba ya riƙe fiye da kusan giram 21 na KNO3. Ragowar, wajen giram 14, dole ta fito. Gishirin miya ne ke ruɗin mutane a nan, shi kusan giram 36 yake narkewa a digiri 20, ko an tafasa ruwan ba ya wuce 39 da ɗan kaɗan, sai a ɗauka kowane gishiri haka yake. KNO3 kuwa a digiri 60 yana haura giram 100.

A gaban yara shugaban sashe ya ɗaga kwalbar ya ce ga aikin malalaci, ko motsawa ban yi ba. Motsawa tana gaggauta narkewa ne kawai, ba ta ƙara wa ruwa abin da zai iya ɗauka, wannan yana cikin darasin da ya zo koyarwa a ranar. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, ai jiya gari muka ga an zuba, wannan kuma dogaye ne." Ta fi shi gani. Garin da bai narke ba gari yake zama, ba ya tashi da tsini cikin dare. Ban ce uffan ba, na tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, yara suna kallo ƙyallayen suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya zama rashin ladabi a takardar, aka haɗa shi da sakaci. Na ba da amsa da alƙaluma, shugaban makaranta ya karanta ya ce, "Ka yi haƙuri, na gaba da kai ne." A shekarar ƙarin albashi ya tsallake ni. Yaran ajin dai, da aka zo tambayar narkewa da zafi a jarrabawa, ba su sha wahala ba, kuma na san a ina suka gane ta.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk umarnin da ka ga zai ɓaci, ka nemi a rubuce, ka kuma rubuta naka gargaɗin a littafin ɗaki da kwanan wata. A jikin kowace kwalba ka sa nauyi, rana, da zafin ɗakin lokacin haɗawa. Asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ba a juya tsarin. Kada ka haɗa sinadarin silba naitret da ruwan famfo ko na burtsatse, kuloraid ɗin ciki zai sa ya yi fari nan take. Idan ma'aunin zafi ya tsaya wajen digiri 96 ruwa yana tafasa, lafiyarsa lau, tudun Jos ne, kada ka bari a sa ka jefar da shi. Ruwan farar ƙasa kuma a rufe shi gam, iskar ɗaki kaɗai tana sa shi yin fatar alli a sama.

Silba naitret ɗin ya kusa ƙarewa. Takardar neman sabo tana kan teburin shugaban sashe tun zangon farko, ƙarƙashin jaridu, sai ka tuna masa.