Farin Zane a Aboabo: Tafiyata Kumasi a Makon Ista

Ranar Alhamis 17 ga Afrilu, 2025, ana kiran sallar asuba a masallatan Nima, unguwarmu a Accra, na fito da jakata, na tari tasi zuwa Circle, inda manyan motocin Kumasi suke lodi. A aljihun cikin rigata akwai ambulan mai ɗauke da kuɗin da dangi suka harhaɗa domin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda shagonta na atamfa ya ƙone ƙurmus a gobarar da ta tashi a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, cikin watan Maris. Ni aka zaɓa in kai jaje saboda ni ne ba ni da abin yi. Wata takwas ke nan da aka sallame ni daga wurin aikina, kuma a cikin watannin nan addu'ata ta yi ta raguwa har ta koma abin da baki ke faɗa zuciya ba ta sani ba. Ina zuwa majami'a ran Lahadi, ina waƙa tare da jama'a, amma na daina sa ran komai.

Tashar ta cika maƙil, domin a Ghana Juma'a Mai Kyau da Litinin ta bayan Ista duk ranakun hutu ne, kuma duk mai garin zuwa yana neman mota. Daga Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiran Accra, zuwa Kumasi tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka, wadda a ranar da hanya ta yi kyau akan yi ta cikin awa biyar, amma mu sai da muka shafe kusan tara. Wani mai wa'azi ya tsaya tsakanin kujeru ya yi addu'ar neman tsari da Tonanci, harshen Tonawa, wato mutanen Asante, kafin mu tashi, kowa ya ce amin, har da wani dattijo mai carbi da ke gefena, wanda shi ma ya shafa tasa fatihar. Muka wuce Nsawam da masu tallar burodinta, muka wuce Suhum, daga nan cunkoso ya fara, motoci jere kamar an zare su a igiya.

Dalilin cunkoson kuwa Kwahu ne. Tun da daɗewa mutanen wannan tudu, waɗanda suka shahara da kasuwanci a duk faɗin ƙasar, suke komawa gida lokacin Ista, sannan daga 2005 aka ƙara da bikin shawagi da lema daga kan dutsen Odweanoma a Atibie, abin da ya mayar da wurin matattarar masu yawon shaƙatawa. Da muka iso Nkawkaw, a gindin dutsen, sai ga motocin samari da amsa-kuwwa da tutocin kamfanonin abin sha suna karkata zuwa hanyar da ke hawa sama. Ba na ganin laifin wanda ya je ya ga danginsa ya yi murna, amma abin ya dame ni, domin ranar Alhamis ce, daren da Ubangijinmu ya wanke ƙafafun almajiransa ya kuma yi addu'a a Gatsemani, ga shi an fara kiɗan Lahadi tun ba a ratsa ta Juma'a ba. Na ɗaga kai ina kallon goshin dutsen da gajimare ya rufe, na tuna cewa a can sama Abetifi take, garin da Fritz Ramseyer ya kafa tashar mishan a 1876, sai dai a lokacin ban yi zaton labarinsa zai sake tare ni a wannan tafiya ba.

La'asar sakaliya muka shiga Kumasi ta Ejisu, aka sauke mu a Asafo, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Aboabo. Wanda ya san zangon Kumasi ya san cewa jikokin fataken goro ne da sauran baƙin arewa suka cika shi, kuma Hausa ce take haɗa Bagwanje da Bazabarme da Bakusashe da Bafarafare. A cikin wannan taro akwai mu, Kiristocin zango, 'yan kaɗan ne amma mun daɗe. Gwaggo tana haya a wani gida mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, iyali shida, ita kaɗai ce Kirista.

Na same ta zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri." Ta ce, "Amin, ɗana. Sannu da hanya. Tashi ka sha ruwa tukuna, jajen ba zai gudu ba." Ta rame, wuyanta ya fito, amma muryarta tana nan yadda na san ta. Da na miƙa mata ambulan ɗin ba ta buɗe ba, ta ɗora shi a kan Littafi Mai Tsarki nata na Hausa, wanda bangonsa ya sha ɗinki da zaren buhu, ta sa hannu a kai ta yi wa duk wanda ya ba da ko sidi ɗaya addu'a. A lokacin ne na lura da ɗan makulli ɗaure a bakin zanenta, inda mata ke ƙulle kuɗi. Na tambaye ta, ta ce na shagon ne. Ƙofar da yake buɗewa babu ita, kwaɗon ma ya narke, amma kowace safiya in ta ɗaura zane sai ta ƙulle shi a wurinsa.

Da dare ta ba ni labarin abin da ya fi ci mata rai, wanda ba ta faɗa wa kowa a waya ba. Matan zumunta na ikkilisiyarsu sun yi adashe tun daga Kirsimeti domin su yi ankon farin yadi na ranar Ista, suka damƙa mata kuɗin saboda ita ce ta san 'yan sari. Ta sayo yadin, ta ajiye a shago da niyyar rabawa a ƙarshen mako, wuta ta riga ta. Ta ce, "Nawa da ya ƙone, Allah ne ya ba ni, shi ya san dalili. Amma amanar mutane fa? A cikinsu akwai mai tallar ruwa, akwai mai wankau." Gobarar ta faɗo ana tsakiyar azumin Ramadan, mu ma muna cikin namu na kwana arba'in, kuma ta ce tun daga ranar har aka yi Sallah, Hajiyar da ke ɗakin kusa da nata ba ta taɓa shan ruwa ba tare da ta aiko mata da koko da ƙosai ba.

Ran Juma'a garin ya tashi cikin baƙi da ja. A ƙasar Tonawa waɗannan su ne launukan makoki, kuma Kiristoci suna sa su a wannan rana kamar yadda za su sa in babban gida ya rasu, har in ka ga ayarin masu zuwa coci sai ka ɗauka jana'iza za su. Majami'ar su Gwaggo ƙaramin ɗaki ne mai rufin kwano a bakin unguwa, da bencina da ganga biyu. Aka karanta maganganu bakwai da Yesu ya yi a kan gicciye, ana karantawa da Hausa wani saurayi yana juyawa da Tonanci saboda yaran da aka haifa a nan. Da aka zo wurin da ya yi kira ga Allah yana tambayar don me ya yashe shi, faston, wani tsoho mai sanyin murya, bai yi dogon bayani ba. Ya ce wanda ya yi wannan tambaya bai saki Allah ba, tun da har yanzu "Allahna" yake cewa. Wannan magana ta zauna mini, domin ni a wata takwas ɗin nan ko tambayar ban yi ba, shiru kawai na yi na juya baya.

Asabar ce ranar da ta fi tsaya mini a rai, ko da yake ita ce ranar da ba a yin komai. Gwaggo ta ce in raka ta Adum. Muka ratsa ta gefen babbar kasuwar Kejetia, cikin turereniyar masu kaya da 'yan matan arewa masu dako da manyan kwanoni a ka, har muka isa inda wutar ta ci. Wata guda ya wuce amma bangayen suna nan baƙi ƙirin, kuma 'yan kasuwa da dama sun baje abin da ya rage musu a bakin titi ƙarƙashin lema. Ta nuna mini wani wuri da yatsa ta ce nan ne, ni kuwa ban ga abin da ya bambanta shi da sauran ba. Shekara ashirin da wani abu tana buɗe wannan wuri kowace safiya, da shi ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta taimaki mahaifina lokacin jinyarsa. Ta buɗe jakarta ta fito da almakashinta na yanka yadi, wanda ta tono daga cikin toka kwana biyu bayan gobarar. Hannunsa na roba ya narke ya bar ƙarfe tsirara, bakinsa ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, amma ta kai wa mai wasa wuƙa ya gyara shi, ta kuma naɗe hannun da tsumma. Ta gwada mini a gefen gyalenta, ya yanka sumul. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana gaisawa da maƙwabtanta na kasuwa ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar juna inda aka kwana game da neman jari.

A hanyar komawa muka bi ta gaban cocin Presbyterian da ake kira da sunan Ramseyer, a nan cikin Adum, muka zauna a inuwa domin ƙafarta ta huta. Mutumin nan ɗan ƙasar Suwizalan ne, ma'aikacin mishan na Basel. A 1869 mayaƙan Asante suka kama shi a Anum tare da matarsa Rosa da jaririnsu, aka taso su a ƙasa zuwa Kumasi, jaririn ya mutu a hanya. Suka zauna a tsare fiye da shekara huɗu, sai a farkon 1874 aka sake su. Wani da ya ga irin wannan ba zai ƙara waiwayar garin ba, amma shi ya koma ya zauna a Abetifi yana jiran ranar da ƙofa za ta buɗe, ya jira shekara ashirin, ya dawo Kumasi a 1896. Ko a nan ma ba a gama ba, domin yaƙin 1900, wanda sarauniya Yaa Asantewaa ta jagoranci Tonawa a kan Ingila, ya rushe abin da ya fara, aka sake ginawa daga tushe. Na san dawowarsa ta zo tare da shigar sojan Ingila, kuma Tonawa suna da nasu ciwon game da wannan zamani, wanda bai kamata a share shi ba. Duk da haka abin da ya kama ni a ranar shi ne tsawon jiran. Na ba Gwaggo labarin, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Matar fa? Ita ce ta binne ɗa a hanya, kuma ta yarda ta dawo." Ban taɓa tunanin labarin ta wannan gefe ba.

A daren nan na kasa barci. Na yi ta tunanin almajiran a ranar Asabar ta farko, suna ɓoye a ɗaki, ba su san cewa akwai Lahadi ba. Mu da muke karanta labarin mun san ƙarshensa, shi ya sa muke saurin tsallake wannan rana, alhali kuwa yawancin kwanakin mutum irinta ne: abin da ake tsoro ya riga ya faru, abin da aka alkawarta bai iso ba. Wajen ƙarfe uku na ji Gwaggo ta tashi tana addu'a ƙasa-ƙasa, tana ambaton matan zumunta da sunayensu, sannan na ji ta ambaci nawa, tana roƙon Allah ya buɗa mini ƙofar aiki, ya kuma mayar mini da zuciyata. Ban taɓa gaya mata halin da nake ciki ba. Na sauko daga kan benci na durƙusa kusa da ita.

Lahadi da sassafe Kumasi ta koma fara fat. Gwaggo ta fito da wani tsohon farin leshi, amma ta rasa ɗankwalin da zai dace da shi, sai Hajiya ta leƙo ta ce, "Maman yara, tsaya," ta koma ɗaki ta ɗauko nata sabo wanda ta yi Sallah da shi, ta ɗaura mata da hannunta. Maigidan Hajiyar, da ke zaune a ƙofar gida, ya yi mana barka da biki, ya kuma tuna mini yadda Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika na Christ the King a Ankara ranar Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara 100. Ya ce in babba ya nuna hanya, ƙanana ba su da hujjar ɓata.

Gwaggo tana tafe tana jan ƙafa, na kuma san dalili: ranar ankon ce, kuma babu anko. Da muka shiga, matan zumunta suna jere a bencinan gaba, kowace da irin farin da ta samu. Akwai mai leshi, akwai mai shadda da ta sha wanki har ta yi laushi, akwai wadda farar riga ce kawai ta ɗora a kan zanen gida. Fasto ya ɗaga murya ya ce, "Almasihu ya tashi!" jama'a suka amsa, "Hakika ya tashi!" ganguna suka ɗauka, rufin kwanon yana amsawa. Bayan an karanta labarin matan da suka je kabari da asuba da kayan ƙanshi, suna tambayar juna wa zai gangarar musu da dutsen, shugabar zumunta ta miƙe ta nemi izinin magana. Ta ce sun zauna sun yi shawara, babu wadda take bin Gwaggo ko kwabo, kuma zubin adashe na gaba, in an tara, ita za ta fara ɗauka. A nan ne Gwaggo ta yi kukan da ba ta yi a Adum ba. Matan suka kewaye ta suna waƙa, wata tsohuwa tana share mata fuska da gefen mayafi, ni ma ina daga baya ina rera waƙar, kuma a karon farko cikin watanni na ji abin da nake faɗa.

Ran Litinin, da matasan ikkilisiya suka tafi yawon shan iska, mu muka zauna a tsakar gida muna lissafi. Kuɗin ambulan ɗin ba zai kama shago ba, amma zai sayi turmi goma sha biyu na atamfa mai sauƙin kuɗi da tebur da lema. Ta sa na rubuta mata a bayan wata takarda, launi-launi, da sunan wanda za ta sara a wurinsa.

Talata da asuba ta raka ni bakin titi, domin daga nan za ta wuce wurin 'yan sari kafin rana ta ɗaga. Ta ba ni ƙullin dakakken yaji in kai wa mahaifiyata, ta ce in gaishe da kowa da kowa, in kuma kira ta duk ranar da aka kira ni ganawar neman aiki domin ta yi azumi a ranar. Keken ya tsaya, na shiga. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ƙara ƙulle ɗan makullin a bakinsa, ta rataya jakar da almakashin ke ciki, ta tsallaka titi ta nufi wajen motocin Adum.