Daren kukuma da katin jabu ya haɗiye

Har yau in na ja durowar teburina na ga katin memorin nan, wanda kyamara ke ajiye hotuna a kai, sai raina ya ɓaci. Ɗan mitsitsin abu ne baƙi, an rubuta 64GB a jikinsa da ruwan zinare. Na ƙi jefar da shi. Yaron shagona ya taɓa ɗaukarsa zai saka a kyamara ranar wani suna a Unguwar Sanusi, tsawar da na daka masa sai da telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana tambayar lafiya.

Shekarata 11 ina sana'ar hoto a Kaduna. Biki da suna da fasfo su ke ciyar da ni, amma abin da ke fitar da ni daga gari da kuɗin aljihuna shi ne makaɗan gargajiya. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Duk sunan da suka yi, in na nemi hotonsu suna tsakiyar wasa, abin da na fi cin karo da shi yanki ne daga tsohon bidiyo, dishi-dishi. To manya ke nan, ina ga mai gurmin da bai taɓa shiga gidan rediyo ba? Wannan ne ya sa nake bin su ƙauye-ƙauye, musamman da kaka, lokacin da aka sayar da masara da waken suya, kuɗi ya shiga hannu, kowane gari ana ɗaura aure.

A ƙarshen wata Disamba wani Alhaji da na taɓa yi wa aikin bikin 'yarsa ya kira ni. Ɗan ƙanensa zai yi aure a garinsu, can gaba da Giwa, kuma an gayyato wani tsoho mai kukuma da ya ce tun yana yaro yake jin sa. Ban ma tsaya ciniki ba. Matsalar ita ce daga can Kagoro zan wuce, don bikin Afan da ake yi ran 1 ga Janairu, kuma katin memori biyu gare ni, masu 32GB. Sai na shiga kasuwa neman na uku. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu a kan gilashi. Ya ce wannan orijina ne, wancan ma orijina ne, kwalinsa ne kawai babu, zai rage mini naira 4,000. Na saka a kyamara, ta nuna 64, na ɗauki mai shagon sau biyu, hoto ya fito. Na biya na fita ina ganin na yi wayo. An ce araha ba ta ado, na san karin maganar, ni da kaina nake faɗa wa masu zuwa neman hoton biki a rabin kuɗi.

Tafiyar ba wani labari. Tashar Kawo zuwa Zariya, na sauka Kwangila, na hau ta Giwa ta bi da mu Samaru da Shika, sauran kuma ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Hazo ya sauka sosai. Na ɗaure kyamarar a leda na naɗe da tsohon zanen uwargida, don ƙurar hunturu in ta shiga ciki kowane hoto sai ka gan shi da ɗigo-ɗigo a sararin sama. Ba na sauya gilashin kyamara a fili a wannan lokaci, sai dai in shiga ɗaki.

Kafin magariba na je na gaida tsohon inda aka sauke su. Wannan ba na wasa da shi. Ka kai goro, ka durƙusa, ka faɗi daga ina kake da abin da za ka yi da hoton. Na tarar yana goga ƙaro a gashin wutsiyar dokin da yake jan kukumar da shi. Bai ɗago ba ya ce, "Mai hoto, kana da wannan walƙiyar?" Na ce, "Baba, tana jaka, kuma ba za ta fito ba." Ya ce madalla. Na riga na sha kashi a kan filasha tun da daɗewa: wani mai goge ya taɓa tsayar da wasa saboda ni, sanƙiransa ya yi ta yi mini ba'a ana dariya har na rasa inda zan sa kaina. Ban da haka ma filasha kashe hoton dare take yi, ta fito da kujerun roba da ledojin ruwa, ta mayar da fuskar mutum kamar an shafa masa toka.

Bayan isha'i aka tayar da janareta, aka rataya dogayen ƙwayaye biyu a jikin darbejiya. Duk mai ɗaukar wasan dare ya san wahalar irin wannan haske. Ido na ganin sa tsaye, amma kyamara na ganin yana rawa. In ka sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/250 na daƙiƙa don ka tsayar da gular mai kalangu, sai hoto ɗaya ya fito kore, na bayansa ya yi duhu rabi. In ka sauko 1/100 launi ya daidaita, hannun makaɗi kuma ya zama hayaƙi. Na zaɓi 1/100, tunda a lokacin ba makaɗa ake kallo ba. Liƙi ake yi. Sanƙira ya kira Alhaji wane, ya taso da babbar riga yana manna kuɗi a goshin tsohon, ya juyo ya kalle ni don ya tabbatar na ɗauka. Na ɗauka. Mai gayyata shi ke biya, ba ni da ta cewa. Na yi ta dannawa har wajen hoto 300.

Sabon katin ne a ciki. Wai dabara ce: in ajiye tsofaffin biyu da na yarda da su saboda Kagoro. Suna aljihun gaban rigata, a kan ƙirjina, duk daren nan.

Wajen ƙarfe ɗaya man janareta ya ƙare. Manya suka shiga motocinsu, mata suka koma cikin gida, aka bar mutum kamar talatin, yawanci dattawa sun lulluɓa da barguna. Sanyi ya sa fatar kalangu ta saki, sai yaran suka hura wutar kara suna gasa ta suna ɗan bugawa su ji ko ta ɗame. Na fara naɗe kayana ke nan sai tsohon ya jawo buzunsa kusa da wutar, ya ɗora kukumar, ya ja. Ba wanda ya kira, ba wanda yake wa kirari. Mai ƙwarya ya bi shi a hankali, kalangu ya shigo ƙasa-ƙasa yana matse tsirkiya a hammata kamar mai yin raɗa. Waƙar mutanen da suka mutu yake yi, manoma da mahauta da 'yan damben garuruwan nan, yana kiran sunan kowa da unguwarsu. Wani dattijo kusa da ni ya ji an ambaci mahaifinsa, ya ja bargo ya rufe fuska.

Na sa gilashi mai 50mm, na buɗe shi gaba ɗaya a f/1.8, na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 6400, na kwanta rubda ciki a ƙasa. Hasken wuta daga gefe ɗaya yake zuwa, yana fito da tsagar fuskarsa da jijiyoyin wuyansa, bayansa kuma baƙi ƙirin. Duk sanda aka ƙara kara wutar ta tashi, sai in samu daƙiƙa uku ko huɗu masu kyau. Akwai ɗaya da ba zan manta ba: idonsa a rufe, bakinsa a buɗe, tartsatsi na tashi tsakaninsa da mai ƙwarya. Na gan shi a bayan kyamara da idona. Na ce a raina, shekara goma ina neman wannan.

Abin da ban sani ba a lokacin, hoton da ke fitowa na daƙiƙa biyu bayan ka danna, daga ƙwaƙwalwar kyamara yake, ba daga kati ba. Sai ka danna maɓallin dubawa ne take karanto abin da ke kan kati. Ban danna ba ko sau ɗaya. Batir ɗaya ya rage mini, sanyi kuma na shan batir, sai na ce kada in ɓata caji wajen kallo. Na ɗauki sama da 400 a gaban wutar nan, ga katuna biyu lafiyayyu a aljihuna. Sauya kati bai kai a sha ruwa ba.

Da safe na dawo Kaduna, na sauya riga, na kama hanyar Kachia da Zonkwa zuwa Kagoro. Can komai ya tafi daidai. Rana tsaka, maharba da ƙahoni da ganguna a gindin dutsen, haske har ya yi yawa. Ko da waya mutum zai samu hoto.

Ran 2 ga Janairu na zauna a shago da shayi na zura katin a kwamfuta. Sunayen hotunan duk suka jeru, sama da 700. Na buɗe na farko, Alhaji. Na biyu, Alhaji. Na tsallaka can ƙasa inda wutar take, kwamfuta ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Na gwada na gaba, haka. Daga wajen na 270 zuwa ƙarshe babu wanda ya buɗe. Shayin nan a nan ya huce.

Na kai wa wani abokina mai gyaran kwamfuta. Kwana biyu yana fama da manhajojin dawo da abin da aka goge, bai samu ko rabin hoto ba. Daga ƙarshe ya gwada katin da H2testw, wata 'yar manhaja ta kyauta da ke cika kati maƙil sannan ta karanta ta ga abin da ya zauna da gaske. Katin 8GB ne. An yi masa dabara ne ya riƙa gaya wa kyamara shi 64 ne. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, a kyamarata kusan 28MB yake ci, ka ga lissafi ya fita: 270 na farko sun samu wuri, sauran kuwa kati ya rubuta sunansu kawai ya zubar da su. Na ce masa ya ƙara gwadawa, ko nawa ne zan biya. Ya ce, "Maigida, abin da ya faɗa rijiya shi ake yasa a ciro. Wannan ko bakin rijiyar bai je ba."

Mai shagon da ya sayar mini ya rantse shi ma haka aka kawo masa, ya ce in kawo ya canja mini. Na tsaya ina kallon sa. Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa.

Yanzu sabon kati ba ya fita gari sai na cika shi a kwamfuta na karanta, ko da zai kwana yana yi, sannan ya yi wata guda yana aikin fasfo. Na daina sha'awar manyan katuna, gara ƙanana da yawa, in ɗaya ya ci amana ba zai tafi da dare gaba ɗaya ba. Na sayi ɗan abin karanta kati da ake maƙala wa waya, kafin in kwanta sai na kwashe, ko asuba ta yi. Na ci bashi na sayi kyamara mai ramin kati biyu da ke rubuta kowane hoto sau biyu, bashin da ya ninka naira 4,000 ɗin nan ban san sau nawa ba. Kuma duk bayan waƙa ɗaya sai na danna maɓallin dubawa, in buɗe hoton ƙarshe in zuƙo shi. Batir ya mutu in ya ga dama.

Sai bayan wata uku na samu komawa. Na sa a raina zan biya kuɗin wasa daga aljihuna, a hura wuta, a maimaita. Aka kwatanta mini garinsu, na same shi a zaure. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya faru da abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ai ka makara, mai hoto. Na ajiye." 'Ya'yansa ne suka taru suka roƙe shi, suka ce shekaru sun ja, su za su ɗauki nauyin gidan. Bikin nan shi ne na biyun ƙarshe da ya yi. Kukumar na rataye a bango, ƙura ta hau ƙwaryar, an cire tsirkiyar. Na ce, "Baba, ko riƙe ta kawai ka yi, ba sai ka ja ba." Ya ce ya yi wa yaran alkawari, riƙewa ma ja ne.

Amma ya yarda in ɗauke shi. Ya shiga gida ya sa farar riga, ya fito da carbi, ya zauna a kan buzu ya haɗe rai irin na hoton fasfo. Na matsa gefe don kukumar ta shigo ta bayansa, ya gane, ya ce in dawo inda nake. Na dawo. Na wanke masa babba guda ɗaya na sa a firam, na ba wani direba a tashar Kawo ya kai Giwa, ɗansa ya karɓa a can.

Na Alhaji kuwa duk 270 sun fito tas, har zaren aikin hularsa ana iya ƙirgawa. Ya kira ni ya ce aiki ya yi kyau, a ƙara masa albam ɗaya.