Benayen Sin da ba su dace da tsofaffi ba

A gundumar Kangbashi da ke birnin Ordos na ƙasar Sin an gina benaye kafin a samu masu zama, domin ƙananan hukumomi da sayar da filaye suke samun kuɗi. Ƙidayar 2020 kuma ta nuna 'yan ƙasar miliyan 264 sun kai shekara 60.

To me zai hana a mayar da benayen su zama gidajen kula da tsofaffi? Ginin ne matsalar. Lif ɗin ba ya ɗaukar gadon majinyaci. Ƙofar banɗaki ta yi wa keken guragu kaɗan, ga santsin tayil, ba maƙalar hannu a bango. A wasu wuraren asibiti ya yi nisa, masu jinya kuma ba su son ƙaura. Tsarin kula da tsofaffi na Sin da ake kira 9073 ma ya bar kashi 90 cikin 100 na tsofaffi a gidajensu.