Maɗaci a cikin kwalba

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ɗacin sassaƙen maɗaci, wanda iyaye ke jiƙa mana in zazzaɓi ko ciwon ciki ya taso. Akwai wani babba a bayan gidanmu. Masu magani suka yi ta sassaƙarsa har suka zagaye jikinsa, ya bushe a tsaye ina ji ina gani. Ga shi irin maɗaci ba ya jure ajiya, in ya daɗe ko ka shuka ba lallai ya fito ba. Abin da ya jefa ni sana'ar nan ta rainon dashen maɗaci a cikin kwalba ke nan.

A ɗakin aikinmu da ke Jos ba ma jiran iri. Bishiya lafiyayya muke zaɓa, mu yanko 'yar gaɓar reshe mai ido, mu wanke da ruwan bilic, mu dasa a kwalba kan wani abinci mai kama da daskararren koko. Haɗin wasu masana biyu ne, Murashige da Skoog, na 1962: sinadaran gina shuka, sukari giram 30 a lita guda, da garin agar mai daskarar da shi. Sai an dafa shi a tukunyar matsi, zafi digiri 121, minti 20. Sinadari ɗaya ke sa toho, wani daban ke jawo saiwa.

Maɗaci akwai taurin kai. Da ka yanke shi sai ya tsatso wani ruwa da ke rine abincin, gaɓar ta yi baƙi ta mutu. Lokacin da nake koyo har kuka na yi a kan wannan. Malamina ya ce, "Yaro, zuba garin gawayi, kuma ka riƙa sauya masa kwalba da wuri." Har yau haka nake yi.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ɗigo ɗaya ya shiga, fumfuna ta cinye aikin wata biyu. Wannan zan iya jurewa. Wanda ya ƙona mini rai shi ne dillalin da ya sayar mini da agar gauraye da sitaci, ya ƙi daskarewa. Sai kuma mai sayen dashe ya zo yana cewa, "Haba maigida, ai a bakin titi rabin kuɗin nan ne." Na bakin titi wa ya san uwarsa?

Namu in ya fito daga kwalba sai ya yi makonni a ƙarƙashin rumfa, lulluɓe da leda, muna buɗe masa iska kaɗan-kaɗan. Sanyin Jos na taimaka mana a nan. Ba ya barin hannunmu sai ya yi sabon ganye a cikin ƙasa.